An Haɗa Ni Benci Ɗaya da Surukina

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shugaba, a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya fi ƙarfina.

Ni malamin kasuwa ne a Maigatari. Tun da aka rushe En'e, wato hukumar gargajiya, aka kawo ƙananan hukumomi, aka ce mana duk wanda ba ya iya rubuta rahoto da Turanci sai ya yi kwas, in ba haka ba a sallame shi. Aka turo ni wata makarantar koyon Turanci a tsakiyar Kano, a saman bene, ƙasa kuma shagunan yadi. Ranar farko ina shiga aji sai ga surukina, mahaifin matata, zaune da biro a hannu. Malamin dabbobi ne a Gumel, shi ma turo shi aka yi, ba wanda ya san da zuwan wani.

Tun da na auri 'yarsa ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. Daga ƙofar zaure nake tuɓe takalmi, in durƙusa, in gaishe shi kaina a ƙasa, in tashi.

Malamarmu ba 'yar ƙasar nan ba ce, da ta ji daga yanki ɗaya muke sai ta yi murna, ta haɗa mu benci ɗaya. Tsarin makarantar kuwa bibbiyu ake yi, ka dubi abokinka cikin ido, ka kira sunansa, ka tambaye shi shekarunsa, in ya yi kuskure ka gyara masa a gaban aji. Na kasa buɗe baki, shi kuma ya ƙura wa allo ido. 'Yan aji sun gane, yanzu da mun shigo sai wani direba a cikinsu ya ce a ba ango da baban amarya hanya. Na yi wa malama bayani da ɗan Turancin da nake da shi, ta ce a ajinta kowa ɗalibi ne, kuma sauran duk sun sami abokai. Jarrabawar ƙarshe ma haka za a yi ta, bibbiyu.

Da na je gida ƙarshen mako, matata ta ce Baba ya aiko, wai in ci gaba da karatuna, shi zai janye, girma ya zo masa. Na ce ba zai yiwu ba, in ya janye aikinsa ya tafi, ga ƙannenta a gabansa. Ta ce to ni in janye mana, na ce mu ci me? Tun daga nan gaisuwa kawai ke haɗa ni da ita.

Litinin za a koma aji. In bar shi ya janye, in karɓi satifiket a bakin aikinsa? In janye ni, in dawo gida hannu biyu? Ko in daure in dubi Baba cikin ido in kira sunansa, in ya so daga baya in nemo fuskar da zan sake durƙusawa da ita a zaurensa?