Ganye Ya Ƙone, Surukina Ya Ɗora Mini Laifi

Malama Yeom, don Allah ki taimake ni, abin nan ya tokare mini ƙirji kuma ba ni da wanda zan faɗa wa.

Shekarata sittin da ɗaya, a nan wajen garin Andong nake. Tun ina amarya nake noman wiwi irin na zare da uwar mijina, muna ɓare ɓawonsa muna saƙa tufa. Sana'ar ta mutu, mijina ma ya rasu. Bara mijin 'yata, Tae-seop, ya samo mini aiki a kamfanin da yake shugaban sashe, inda suke noman wiwi na magani da lasisin hukuma. Babu ƙasa ko ƙwaya, saiwa a cikin ruwa take, taki kuma inji ke haɗawa. Kowace shuka da lambarta, ko ganye ya faɗi sai an rubuta. Na gode masa, har yau ban daina ba, kada ki ce ni butulu ce.

Makonni uku da suka wuce na ga bakin ganye ya soma ƙonewa a layi biyu, ɗan ja-ja a can ƙarshe kamar an taɓa shi da wutar sigari. Ganyen ya yi kore har ya yi duhu, yana lanƙwashewa ƙasa, ga wani farin abu kamar kanwa a bakin kwandunan da shukar ke ciki. Na ce wa Tae-seop abinci ya yi wa shukar yawa. Gaskiya a gaban ma'aikata na faɗa, kuma na ƙara da cewa wanda bai taɓa riƙe fartanya ba ba zai gane ba. Ya yi dariya ya ce, "Mama, nan ba gonar bayan gida ba ce, kwamfuta ba ta yin kuskure." Wai yunwa shukar take ji. Ya ƙara takin.

Cikin mako guda shuka fiye da ɗari ta lalace. Da mai kamfanin ya zo, ina tsaye, Tae-seop ya ce ni na sauko da fitilun da ake haska shukar kusa da ganye, wai idona ya fara rauni. Ban taɓa fitilar nan ba, ban ma san inda ake murɗa ta ba. Na buɗe baki sai na tuna 'yata tana da ciki wata bakwai, aikinsa ne rufin asirinsu. Na haɗiye.

Yanzu an mayar da ni wanke kwanduna. Matan da muke cin abincin rana tare suna tsokanata, wata ta ce kada a ba ni gasa kifi, zan ƙona. Ina taya su dariya, in koma wankin kwanduna. Shi kuwa sai ya aiko mini da kwalin 'ya'yan itace ta hannun 'yata, ko kalma babu. Na ba maƙwabta.

Abin da ya fi cina, bai rage takin ba, don ragewa amsa laifi ne. Jiya na leƙa ta gilashin ɗakin shukar, layi na uku ya fara ƙonewa. Har na soma shakkar kaina. Ko dai da gaske na tsufa? Ga bikin girbi ya matso, zai zo gidana ya durƙusa gaban hoton mijina bisa al'ada, in zuba masa miya da hannuna. In yi magana in rusa gidan 'yata, ko in mutu da sunan tsohuwar da ta ƙona gona?

Tsohuwa mai wanke kwanduna, Andong

*

Yaya,

Idonki lafiyarsa ƙalau. Ban ga shukar ba, amma abin da kika zayyana ya fi kama da yawan taki. Zafin fitila ganyen sama yake ci, waɗanda ke kusa da ita, ya koɗar da su su yi fari-fari, na ƙasa suna nan garau. Yunwa kuma yawanci daga tsofaffin ganyen ƙasa take farawa, su yi rawaya. Ƙonewar baki, kore mai duhu, lanƙwashewa ƙasa da farin gishiri a kwando, idan suka haɗu, shuka ce da aka ɗura wa abin da ya fi ƙarfinta. Ba sai an yi gardama ba. A auna ƙarfin takin da ke cikin tanki da wata na'ura dabam, domin na'ura ma tana karkacewa idan ba a daidaita ta. In ya tabbata, a zubar da ruwan, a wanke saiwa da ruwa zalla, a koma da taki kaɗan. Ganyen da ya ƙone ya tafi. Sabon toho za a duba.

Yanzu mu zo kan mutum. Abin da surukinki ya yi ƙarya ce, kuma ƙaryar matsoraci, domin ya zaɓi wadda ya san ba za ta rama ba. Kwalin 'ya'yan itace ba ya goge wannan. Amma ke ma ki ji naki laifin: kin kunyata shi a gaban mutanen da yake shugabanta, daga ranar ya daina jin maganar ganye, martabarsa kawai yake karewa. Wannan ba uzuri ba ne gare shi. Na faɗa ne don ki san ƙofar da za ki bi.

Kada ki bi ta hannun 'yarki, nauyin da ke jikinta ya ishe ta. Ki same shi shi kaɗai, cikin makon nan, kafin biki. Ki ce a auna ruwan a gabanku ku biyu. Ki ba shi kwana biyu ya rage takin, ya kuma je wurin mai kamfanin da ƙafarsa ya wanke sunanki. Wanda ya kai kansa yakan tsira da aikinsa fiye da wanda aka tono. Ki gaya masa a fili, in bai yi ba ke za ki yi. Magani ake nomawa a wurin nan, marasa lafiya ke jiransa, shirunki ba ya kare 'yarki. Idan layi na uku da na huɗu suka tafi, ba wata tsohuwa da ta rage da zai laɓe a bayanta.

Ki shirya zuciyarki, mai yiwuwa ya gyara komai amma ya kasa furta ban haƙuri. Ki karɓi gyaran. Yafiya kuwa taki ce, babu wanda zai sa miki rana.

Allah ya sauki 'yarki lafiya, ya sanyaya miki rai.

Yeom