Kyari, Saura Shafi Ɗaya a Kayenka

Zuwa ga abokina Kyari mai zane, ɗan Ya Falmata ta unguwar Birni, Damagaram, a duk inda wannan takarda ta same shi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Na rubuta ƙoshin lafiya ne don hannuna ya saba, amma kai ma ka san ba a maganar ƙoshi a garin nan. Ni ne Lawali, mai rubuta wa mutane wasiƙa a bakin gidan waya. Wata goma sha ɗaya ke nan ina rubuta wa kowa tasa, tawa ta gagare ni, don ban san sunan garin da zan sa a bayan ambulan ba. Shi ya sa na sa karbon na yi ta da yawa, na raba wa direbobin kamiyo, manyan motocin kayan nan, su liƙa a tashoshi. Ka yi haƙuri idan baƙi sun riga ka karantawa. Ni dai kunya ta ƙare mini.

Ka tuna zaɓenmu na kaka? Mu huɗu, ni da kai da Habu Dogo da Tanimu, a gindin tsamiyar da Malam Idi yake shimfiɗa tsofaffin littattafai. Tun muna lakwal, farkon karatun boko, muka kamu da littattafan zanen nan da ake ce wa bede, har muka fitar da gemu ba mu warke ba. Duk shekara in an gama cirar gyaɗa, kowa ya zo da wanda yake ganin ya fi a cikin waɗanda suka shigo gari. A jera su a tabarma, a yi ta musu daga azahar har la'asar sakaliya. Habu ba ya ganin komai sai mai doki da bindiga. Tanimu kuwa in bai yi dariya ba, to ba littafi ba ne. Kai sai ka kafa ido a kan hannun mutum ɗaya a cikin zane kana cewa, "Ku dubi yatsun nan, wannan ya san aikinsa," mu kuma muna ce maka ka cika iyayi.

In musu ya ƙare, kowa ya ɗauki gyaɗa biyar ya aza a kan littafin da ya yarda da shi, ban da nasa. Wanda nasa ya fi tara gyaɗa shi ke kwashe duka ashirin ɗin. Mece ce gyaɗa ashirin a Damagaram a wancan lokaci? Ko akuya ba za ta ɗaga kai ta dube ta ba. Wanda ya ci yakan watsa wa sauran, a ɓare ana tsokanar juna, a tashi a tafi masallaci.

Sai ga bara. Ruwa ya yi sau biyu ya ɗauke. Geron Hamdara ya tsaya iya gwiwa ya ƙone. Masu shaguna suka daina kiranka ka rubuta musu allo, don babu abin da za a ce ana sayarwa. Habu ya ce a bar zaɓe, da me za a yi ƙuri'ar, da tsakuwa? Kai ka ce a'a, kowa ya zo, gyaɗa a wuyanka. Ranar ka kwance wani adiko mai fure a kusurwa, sai ga gyaɗa ashirin cif, manya-manya masu ƙwaya biyu. Babu wanda ya tambaye ka inda ka samo. Ni yawu kawai na haɗiye.

Kuma ba da littafin Turawa ka zo ba. Ka zo da kaye, littafin rubutu irin na 'yan lakwal, ka cika shi da zanenka da alƙalamin bik. Labarin wata ungulu ce da ta yi ƙiba har ta kasa tashi, tana yawo a ƙasa tana ƙorafin aiki ya yi mata yawa. Ta bi hanyar Mirriya tana gaida mushen shanu ɗaya bayan ɗaya. Ta tarar da mata suna tonon gidan tururuwa suna neman tsabar da aka ɓoye, ta tsaya tana yi musu wa'azi a kan haƙƙin maƙwabci. Wallahi Kyari, tun shafi na uku na san babu abin da ya shigo garin nan da ya kama ƙafarsa. Na yi dariya a cikina har haƙarƙarina ya yi ciwo, amma ban bari ta fito ba.

A lokacin kwanana biyu ban sa komai a baki ba sai kunun dusa. Idona ba ya kan kayenka, yana kan adikon.

Ka san bakina. Na miƙe na ce wannan ba bede ba ne, aikin gida ne da malamin lakwal bai duba ba. Na ce ina launi? Na ce ungulunka ta fi kama da zabuwa mai kumburin ciki. Na ce haba, mutum ya baro yunwa a gida ya zo inuwa ya huta, kai kuma ka biyo shi da ita a takarda, wannan wane irin rashin imani ne? Na ɗaga nawa, wani tsohon littafi na jarumi mai babur wanda ko shafukan ƙarshe babu, na yi ta yabonsa kamar ni na haife shi. Habu ya yi dariya har da buga cinya. Tanimu, da ya riga ya miƙa hannu wajen kayenka, ya janye. Goma suka zuba mini. Nawa biyar na kai kan littafin Habu, don kada ko ɗaya ta je wajenka. Ka daɗe kana kallon kayenka babu ko ɓawo a kansa, sannan ka ɗora naka biyar a kan nawa.

Ban watsa wa kowa ba. Na ɓare na ci, na ɓare na ci, ku uku kuna kallo, har ashirin ɗin suka ƙare. Ka ninke adikon ka ce, "Allah ya amfana, Lawali. Irin shukar Iya ne." Ka tashi ka bar kayen a tabarma. Bayan kwana uku aka ce an gan ka a bayan kamiyo mai zuwa kudu. Na san fari ya kori waɗanda suka fi ka ƙarfi, amma kai ni na buɗe maka ƙofa.

To ga abin da ya sa na rubuto. Ya Falmata tana zuwa teburina kowace Alhamis, in ta fito kasuwa da 'yan tabarmin da take saƙawa. Ka san ba ta karatu, kuma ka san yadda ka saba mata, in za ka fita sai ka zana mata a bangon zaure da gawayi inda za ka, ko tasha ko masallaci. Ta ce mini, "Lawali, ɗana ba rubutu zai aiko ba, zane zai aiko. Ka duba da kyau." Sati huɗu ina ce mata babu. A na biyar ta zo tana dafa bango, ta ce ta daina ɗora tukunya, don wa za ta ci? Ko tausayi ne ko Shaiɗan ne, ban sani ba, na yage shafin farko na kayenka na sa a ambulan, na ce ga shi daga Kano.

Ta kalli ungulun nan ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Hannunsa bai canza ba. Yana da rai, kuma yana ci, dubi yadda ya yi ta da ƙiba." Ranar ta hura wuta. Tun daga nan nake yagar kayenka ina ja mata rai, wani lokaci sati guda, wani lokaci biyu, in ce mata an rufe iyaka mota ba ta shigowa. Ta tara su a cikin adudu, duk wanda ya shiga gidan sai ta nuna masa. Da yayanta ya zo daga can garin da yake, Damagaram Takaya, zai tafi da ita inda za a kula da ita, ta ƙi, ta ce in ta tafi wa zai karɓi wasiƙa? Ka ga ƙaryata ta rayar da ita, kuma ƙaryata ta ɗaure ta a gida ita kaɗai.

Na gwada zanawa da kaina. Na ɓata takardu ba adadi, unguluna tana fitowa kamar buta. Ko makaho ba zai ruɗu ba, balle uwarka.

Saura shafi ɗaya, Kyari, kuma shi ba zan iya ba ta ba.

Ranar zaɓe ban karanta har ƙarshe ba, sauri nake a kai ga gyaɗa. Da na fara yagowa kuma na hana kaina leƙa gaba, don ni ma in riƙa ji kamar saƙonka ne ke zuwa. Sai Alhamis ɗin da ta wuce, da na cire na kusa da ƙarshe, na gan shi. Babu ungulu a ciki. Mu huɗu ne a gindin tsamiya. Ka zana kayenka da tulin gyaɗa a kai, wato ka ci zaɓe. Ga ka nan kana juye adikon gaba ɗaya a tafin wani ramamme mai alƙalami a bayan kunne. A ƙasa ka rubuta, "Ba sadaka ba ce, al'ada ce."

Inna lillahi! Ashe ka san halin da nake ciki. Ka san da a gida ka kawo mini ba zan karɓa ba, ka san girman kaina. Ka ɗebi ɗan irin da ya rage wa mahaifiyarka don ka ciyar da ni ba tare da ka kunyata ni ba, ni kuwa na tozarta ka a gaban abokanmu don in ƙwace abin da dama ni aka kawo wa. Na kifa kaina a tebur, masu jiran wasiƙa suka zaci rasuwa aka yi mini.

Da ruwan farko ya sauka bana, Ya Falmata ta buɗe tulun da ta ɓoye iri ta tarar babu, ta ce ɓera ne. In na ba ta shafin nan za ta gane adikonta, ta gane alƙalamina, ta kuma gane an yi zanen tun kana gida, wato babu wasiƙar da ta taɓa zuwa. In ban ba ta ba zan ce babu, kuma na riga na ga abin da babu take yi mata. Zan iya ja mata rai sati uku. Ban fi haka ba.

Ba yafiya nake roƙo ba, ban kai nan ba. Don Allah don Annabi, ka sami ko takardar siminti ce, ka zana ko ƙafar ungulu ce, ka ba duk direban da zai zo Damagaram ya ce bakin gidan waya. In ba ka da lafiya, zana tabarma. In an tsare ka ne, zana ƙofa, zan san ƙaryar da zan yi mata. Kai kuma bawan Allah da kake karanta wannan a bangon tasha, in ka san wani dogo mai tsagar Barebari da ke rubuta jikin motoci, yana cizon leɓe in yana aiki, ka ɓamɓare takardar nan ka kai masa, Allah ya biya ka.

Lokacin zaɓe ya zagayo, ɗan'uwana. Habu ya bi hanyar arewa, Tanimu mun kai shi makwanci a watan azumi, Malam Idi ya naɗe tabarmarsa. Jiya da la'asar ni kaɗai na je gindin tsamiya. Wani manomi daga Mirriya da na rubuta wa wasiƙa ya damƙa mini gyaɗa guda ɗaya, ya ce ita ke nan gare shi. Na shimfiɗa shafinka a ƙasa na aza ta a kai. Babu wanda ya yi musu. Ka ci zaɓe, Kyari, na bara da na bana. Ka kuma san doka, wanda ya ci shi ke kwashewa. Na ƙulle ta a bakin rigata. Duk inda na juya ina jin ta, kuma yau ma kunun dusa na sha, amma ban taɓa ta ba.

Allah ya sa kana raye. Allah ya sa takardar nan ta faɗa hannun wanda ya san fuskarka. Allah ya ja kwanan Ya Falmata har ta ga saƙonka na gaskiya, ya saukar mana da ruwa mai albarka, ya yafe wa wanda cikinsa ya fi ƙarfin kunyarsa. Amin.

Ka zo ka karɓi gyaɗarka tun ina iya riƙe ta.

Naka,
Lawali mai alƙalami a bayan kunne,
bakin gidan waya, Damagaram.