Jitar Auta a Kan Bencina

Litinin, 3 ga Maris

Rufin ɗakin baya ya fara yoyo, na hau sauke kayan da ke saman kabad. Can ƙurya na ci karo da wani abu nannaɗe cikin tsohon zane. Jitar Auta ce. Shekara shida ina zaton tana juji, ashe uwar yara ce ta ɓoye ta a saman kaina.

Bayanta a tsage tun daga ƙugu har gindi, wuyanta ya saki, tsirkiya biyu kawai suka rage. Ni na buga ta da ƙyauren ƙofa ranar da Auta ta ce ta bar makarantar aikin jinya za ta bi kiɗa. Ba na ɓoyewa. Tun daga ranar ba ta ƙara cewa da ni uffan ba, ni ma ban ce mata ba. Ita ce ƙarama, ita ya kamata ta fara.

Laraba, 5 ga Maris

Uwar yara ta ce ta gaya wa Auta a waya. Wai Auta ta ce a jefar, yanzu tana da guda uku. To sannu da arziki.

Na ce ba a jefar da katako a gidana. Shekara talatin da huɗu ina kafinta, wace karaya ce ban ɗora ba? Ta ce, "Malam, wannan fa ba kujera ba ce." Na ce katako dai katako ne. Kuma ba don kowa zan gyara ba, ganin ta a haka ne ke ɓata mini rai.

Asabar, 8 ga Maris

Don a bar ni in huta da mita na kai ta wurin mai gyaran kayan kiɗa, can bayan tasha. Shago kamar akurki, shi kuma ko furfura bai fara ba, ga tabarau a kan hanci. Ya juya ta, ya leƙa cikin ramin da ke gabanta, ya ƙwanƙwasa da yatsa sai ka ce likita.

Wai tun asali ba mai tsada ba ce, wahalar gyaran ta fi ƙarfinta, gara sabuwa. Sannan ya ce, "Baba, wannan ba faɗuwa ta yi ba." Wa ya tambaye shi? Na ɗauki abata na fito ko sallama ban yi ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Ni zan yi ta da hannuna. Su zuba ido.

Talata, 11 ga Maris

Na tura aikin tebura gefe. Na yanko katako mai kauri kamar ɗan yatsana, na zura shi ta ramin, na manna a ciki tsawon tsagar duka, gam har yana tsiyaya. Wuyan kuwa sukuru biyu na ɗaura masa. Wannan ko jaki ya taka ta ba za ta ƙara buɗewa ba.

Mai walda na kusa da ni ya leƙo yana washe baki, wai tsufa ya zo da waƙa, yaushe za a fara gayyatata biki. Na ce ranar da ya iya haɗa ƙofar da ba ta karkace ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Na goge da sanfefa, na shafa mata man sheƙi har sau uku. Wallahi ta fi ranar da aka saye ta kyau. Ina ganin fuskata a jikinta.

A kusa da ramin akwai wurin da farcen yarinyar nan ya cinye fenti, ya yi fari. Na kai sanfefa wurin sai na tsallake shi. Ban san dalili ba. Gajiya ce watakila.

Litinin, 17 ga Maris

Na sayo tsirkiyoyi shida, na ɗaura, na murɗa kunnuwan har suka yi tauri. Na kira uwar yara ta zo ta ga abin da ta ce ba zai yiwu ba. Na ja babbar tsirkiya.

Tuf. Shi ke nan. Kamar ka bugi buhun yashi.

Na ja sauran, duk kanwar ja ce. Da can in Auta ta taɓa ta a ɗakin baya har bakin titi ake ji, abin da ke tayar mini da hawan jini ke nan. Yanzu ko ƙofar shago sautin ba ya kaiwa. Uwar yara ta gyara ɗankwali ta koma ciki. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Tsirkiyoyin ne jabu. Babu ko shakka.

Alhamis, 20 ga Maris

Ba tsirkiyoyin ba ne.

Na koma wurin mai tabarau. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Ya ɗaga ta ya ce kai, wannan nauyi fa? Ya haska tocila a ciki, ya daɗe yana kallo, ina jira ya yi dariya in samu abin faɗa. Bai yi ba. Ya ce aikin hannu kam ya yi kyau, ko gashi ba zai shiga haɗin ba. Amma kujera ake yi wa haka, don kada ta motsa. Ita jita sai jikinta ya yi rawa sannan take magana. Na ɗaure ta ta ko'ina, na kuma toshe ta da mai, to da me za ta yi kuka?

Ya ce 'yan ƙananan faci uku sun isa, kowanne kamar farcen babban yatsa, sirara, a gicciye kan tsagar. Sauran a bar mata.

Na ce faci uku ba za su riƙe ba. Ya ce, "Za su riƙe, Baba. In kana jin tsoro ne ka faɗa." Ji yaro da rashin kunya! Ya ƙara da cewa har yanzu shawararsa a bar ta, ɓamɓare abin da na manna zai iya ƙarasa ta. Na ce ni na manna, ni zan ɓamɓare.

Asabar, 22 ga Maris

Kwana biyu ina fama da tsumma da ruwan zafi da siririyar wuƙa, hannuna a cikin rami har wuyan hannu ya ɗaye. Gam ɗina ne, na san taurin kansa. Da na ɗan matsa sai in ji katakon na ƙara, sai in tsaya in jira. Ban taɓa yin aikin da ƙarfina ba shi da amfani a cikinsa ba sai wannan.

Mai tebura ya zo ya yi ta faɗa. Ya yi ta yi.

Talata, 25 ga Maris

Katakon ya fito. Wani ɗan wuri ya ƙara tsagewa, raina ya ɓaci sosai, na zauna na kasa taɓa komai har la'asar.

Ina zaune nake tuna yadda na ɗaga ta ranar. Da hannu biyu. Auta ba ta yi kuka ba, durƙusawa ta yi tana tsince guntayen. Har yau ina nan a kan bakata game da makarantar. Amma hannu biyun nan ba su da alaƙa da makaranta.

Asabar, 29 ga Maris

Faci huɗu na sa, ba uku ba. Ba zai zama duk abin da ya faɗa na bi ba. Na cire sukurun, na haɗa wuyan da gam kaɗan, na kankare man sheƙin nan da na yi ta alfahari da shi. Yanzu ta yi muni, tabo ko'ina.

Na ƙwanƙwasa bayanta da yatsa, sai na ji ta amsa har cikin tafin hannuna.

Litinin, 31 ga Maris

Sauti ya dawo, amma kowace tsirkiya da inda ta nufa. Ban san yadda ake daidaita su ba. Wurin mai tabarau kuwa ba zan koma sau na uku ba, ko za a yanka ni.

Laraba, 2 ga Afrilu

Da hantsi uwar yara ta shigo shago, ta ajiye wayarta a kan benci a buɗe, ta fice. Makirci ne, na sani. Na ji numfashi a ciki. Da na rasa abin yi sai na ja babbar tsirkiya.

Sai na ji Auta ta ce, "Ta yi ƙasa. Murɗa kaɗan." Na murɗa. "Ƙara." Na ƙara. "Ya isa, Baba, kar ka tsinka ta."

Muryarta ta yi kauri, ta koma irin ta uwarta. Ba mu yi maganar komai ba, tsirkiya kawai. Sau ɗaya ta yi dariya da na murɗa kunnen da ba shi ba. Na ce ba a haife ni da jita a hannu ba.

Mun daidaita huɗu. Na ce mata hannuna ya gaji, sauran biyun sai gobe in tana da lokaci. Ta ce tana da shi.

Hannuna lafiyarsa lau.