Dabararku Ta Rufe Shafin Yaya Sanusi

Zuwa ga Shugaba da Masu Kula da Zauren Masu Amfani da Burauza na Kebbi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da iyalanku.

Sunana Rukayya, ina zaune a Badariya, Birnin Kebbi. Bana na gama jami'a, ina jiran kiran bautar ƙasa. Tun ina aji biyu nake cikin zaurenku, kuma ban taɓa tsallake labarai da dabarun da kuke fitarwa kowace Juma'a ba. A wurinku na koyi ƙara girman rubutu, da mayar da fuskar burauza, wato manhajar shiga intanet, baƙa saboda ido, da toshe tallace-tallace masu cinye data. Na faɗi haka don kada a ce baƙuwa ce ta zo ɓata muku suna. Na fito fili ne domin na yi magana a cikin zaure an goge.

Ina da gwaggo a Argungu, Gwaggo Hajo, yayar mahaifina. Ɗanta namiji tilo, Yaya Sanusi, ya rasu damina biyu da suka wuce bayan gajeriyar jinya. Wayarsa ta ɓace a asibiti. Abin da ya bari shi ne tsohuwar kwamfutarsa, da shafi guda a buɗe cikin burauza: ma'ajiyar hotunansa ta intanet, wadda ya shiga da kansa bai fita ba. Gwaggo ba ta yi boko ba. Iyakar abin da ta iya shi ne ta ɗaga murfi ta danna hoto. Akwai bidiyon da ya ɗauke ta tana bakacen shinkafa, yana tsokanarta wai kaji take yi wa aiki, ita kuma tana kai masa duka da faifai. Shi take kallo bayan la'asar. A nan kaɗai muryarsa ta rage.

Da na kai mata ziyara sai ta ce mini, "Ɗiyata, ke da kinka yi karatu, duba mini abin ga. Ya koma tafiya kamar jakin da anka ɗora wa albasar Augie." Na yi murna da za a amfana da ni. Na buɗe zaurenku, na nemo dabarar da kuka sa wa suna "Yadda za ka sa burauzarka ta yi gudu". Ga ƙorafina.

Na ɗaya: dabarar ba ta da gargaɗi. Na adana hotonta, ga abin da kuka rubuta: "Shiga saituna, kunna goge bayanai duk lokacin da aka rufe burauza, yi wa duk akwatunan alama, rufe ka sake buɗewa. Ba abin da za ka rasa sai nauyi." Ni mai tsoro ce, sai da na karanta na sake karantawa kafin na taɓa komai. Na bi umarninku ɗaya bayan ɗaya. Da na sake buɗewa, shafin ya tafi. Na nemo ma'ajiyar, ta ce in sa kalmar sirri. Wanda ya san ta yana kabari. Daga baya na gano rubutun Turancin da kuka ɗauko dabarar daga ciki. A ƙarshensa an rubuta ƙarara cewa wannan saiti yana fitar da mutum daga duk inda ya shiga. Kun fassara komai, kun bar wannan layin. A madadinsa kuka sa alkawarin da ba ya cikin asali. Na san da na fara sauke hotunan cikin kwamfutar da ba a kai ga haka ba, kuma wannan tunanin ba ya barina. Amma wa zai ɗaure kaya don tafiyar da aka ce masa ba ta da haɗari?

Na biyu: yadda kuka karɓi kukana. Na rubuta a ƙarƙashin dabarar cikin ladabi, na bayyana abin da ya same mu. Ɗaya daga cikin masu kula da zauren ya amsa, "Haba malama, ai ko yaro ya san wannan," ya haɗa da hoton fuska mai dariya. Wani ya ce digirin bana ke nan. Kafin azahar an goge maganata, wai tana tsorata sababbin shiga. Dabarar kuwa tana nan har yau, ba a canza mata ko wasali ba. In ko yaro ya sani, don wa kuke rubutawa?

Na uku: labaran Juma'ar da ta biyo baya. Kun yi shelar cewa wannan dabara ta fi kowace yaɗuwa, kun yaba wa wanda ya rubuta ta, kun sa hotunan taronku na unguwar Gesse da sababbin launukan ado na burauza. Na karanta wannan a motar Argungu, sai da na kife wayar a cinyata.

Na huɗu, kuma shi ya fi damuna. Kuna rubutu kamar kowa shi ya buɗe wa kansa komai, yana riƙe da kalmomin sirrinsa a ka. A nan ba haka muke ba. Ɗa ne ko ƙane yake saita wa mutum waya, ya shigar da shi, ya koma makaranta ko ya tafi ci-rani. Manomi a fadama ya san inda zai danna, bai san abin da aka rubuta aka shiga ba. Ku ma 'yan nan ne, kun san haka, iyayenku ma haka suke.

Ban zauna ba. Na bi hanyar "na manta kalmar sirri", aka ce an tura lamba zuwa layin Yaya Sanusi. Layin ya daɗe ba a amfani da shi, an ba wani. Na kira, wani bawan Allah ya ɗauka. Ina ambatar lambar da aka turo masa ya ce, "Ku ji tsoron Allah, 'yan damfara," ya kashe, ya toshe ni. Ban ga laifinsa ba. Ku da kanku kun sha koya mana kada mu ba kowa irin wannan lamba.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Ku gyara dabarar yau, ku sa gargaɗin a samanta da manyan baƙaƙe. Ku sanar a labaran Juma'a cewa an yi kuskure, domin waɗanda suka tura wa wasu su koma su faɗa musu. Ku daina goge ƙorafin da aka yi da ladabi. In kuma akwai wanda ya san halastacciyar hanyar da iyalan mamaci ke bi su nemi ma'ajiyarsa, don Allah ya rubuta ta a fili da Hausa, mataki-mataki, ba tare da ya yanke layin ƙarshe ba. Ban nemi a kori kowa ba.

Har yanzu Gwaggo ba ta san gaskiya ba. Ranar na ce mata matsalar sabis ce, don na kasa haɗa ido da ita. Kullum bayan la'asar sai ta sa a kira ni: "Ɗiyata, sabis ɗin ga bai dawo ba?" Ta ma sa an hau da kwamfutar saman soro ko za ta kama. Ranar Asabar, in Allah ya kai mu, zan je Argungu in zauna gabanta in gaya mata. Ku da kuka ce ba abin da za a rasa sai nauyi, ina so ku san inda nauyin ya koma.

Allah ya jiƙan Yaya Sanusi. Allah ya ba ku ikon gyarawa, ya tsare muku muryoyin waɗanda kuke ƙauna.

Wassalam.

Rukayya,
Badariya, Birnin Kebbi.