Tsintsiya a Dutsen Papuk

Lahadi, 9 ga Maris

Fitata ta farko tun bayan da aka yi mini aikin zuciya. Tun a cikin bas, kafin mu bar Požega, Zlata ta sanar da ni matsayina. Ita ce shugabar ƙungiyarmu ta masu hawa dutse, kuma ba ta taɓa koyon magana ƙasa-ƙasa ba.

"Vjeko, yau kai ne tsintsiya. Tihomir zai ja gaba."

Shekara da shekaru ni nake jan gaba. Na ci gaba da ɗaure takalmina.

Aikin tsintsiya na san shi, na sha koya wa wasu. Kai ne na ƙarshe a sahu. Ba ka wuce kowa, ba ka barin kowa a bayanka. Ko fitsari mutum ya shiga yi bayan itace, sai ka tsaya kana kallon sama har ya fito. Na gaba yana ganin daji. Na baya yana ganin jakunkunan mutane da ɗuwawunsu.

Yau dai jaka ɗaya na kalla tun daga Velika har masaukin Jankovac: koriya, tsohuwa, ta Dragutin.

Talata, 11 ga Maris

Matata Ljerka ta ce tun Lahadi nake yawo a gidan nan kamar wanda aka kora daga aiki. Na ce mata ba haka ba ne. Ta ce to in daina rufe ƙofa da ƙarfi.

Lahadi, 23 ga Maris

Tsintsiya kuma.

Dragutin ya kusa tamanin. Shi ya koyar da kiɗa a sakandaren garin nan har ya yi ritaya, rabin mutanen bas ɗin sun taɓa shan faɗansa. Na san shi tun tuni, amma sanin gaisuwa. Wanda ke gaba ba ya sanin wanda ke baya.

Yana tsayawa sosai, kuma kowace tsayawa da dalilinta. Zai gyara madaurin jaka. Zai saurari wani tsuntsu. Zai tsinki tafarnuwar daji, wadda ta fara rufe ƙasa a gefen rafi, ya murza ya miƙo mini in shinshina. Bai taɓa cewa ya gaji ba. Ni kuma ban tambaya ba.

"Edita," haka yake kirana, ko da yake na bar jaridar da daɗewa, "me ya sa kake tafiya kamar mai rakiyar gawa? Ban mutu ba tukuna."

Na ce ina jira ne kawai.

"Jira da kyau, to. Ana jira da fuska irin wannan?"

Ƙafarsa ta hagu tana ja idan an zo gangara. Na lura da wannan tun makon farko.

Mun kai ƙololuwa bayan kowa ya gama cin abincinsa. Muna isa suka miƙe. Mun sauko mun tarar da bas a kunne, direba yana kallon agogo yadda kowa zai ga yana kallo.

Laraba, 26 ga Maris

Na hau benen laburare ba tare da na tsaya ba. Na rubuta ne don in tuna.

Lahadi, 30 ga Maris

Ruwa ya yi da dare, hanya duk caɓi.

Yau a wata tsayawa Dragutin bai nemi tsuntsu ba. Ya zauna a kan kututture, ya ciro gurasa da kulen, tsiran alade mai yaji, ya yanka mini yanki mai kauri. Na ce likita ta hana ni nama mai kitse. Ya ce likita ba ta nan.

Sai ya ba ni labarin 'yarsa Vlatka da ke Jamus. Tun rasuwar matarsa take son ta sayar da gidansa na Velika, ta sa shi a gidan kula da tsofaffi a Osijek, har ta je ta ga ɗakin. Sun yi rigima a waya duk lokacin sanyi. A ƙarshe suka yi yarjejeniya: muddin yana bin ƙungiya ranar Lahadi, zai zauna a gidansa. Ranar da ƙungiya ta ce ya huta, zai haɗa kayansa.

"Ni na kawo sharaɗin," in ji shi. "Na ɗauka wayo na yi."

Na ce ai yarjejeniya ce mai ma'ana. Ya dube ni.

"Kai dai ka dace da aikinka na dā."

A bas Zlata ta zo ta zauna kusa da ni, karo na farko da na ji ta rage murya. Mutane suna ƙorafi. Masu yara suna son su dawo gida da wuri, direba ya ce ba zai ƙara jira ba, kuma ita tana tsoron ranar da tsohon zai faɗi a inda mota ba ta zuwa. Kwamiti zai zauna ranar goma ga wata. Al'adarmu kuwa ba a dakatar da kowa sai an ji ta bakin tsintsiya, don shi kaɗai ya gani.

"Kai ba ka ƙarya, Vjeko, shi ya sa hankalina ya kwanta."

Ita ba ta san zancen Vlatka ba. Ni na sani, kuma ba a ba ni izinin faɗa ba.

Litinin, 31 ga Maris

Abin da na gani: yana da jinkiri, ƙafarsa tana ja, bas tana jira. Duk gaskiya ne. Na yi rayuwata ina cire wa matasan 'yan jarida kalmomin da suka sa don tausayi. Ina ce musu ku rubuta abin da ya faru, mai karatu ya ji tausayin da kansa.

Kwamiti ba mai karatu ba ne. Suna da bas.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Dragutin bai zo ba, mura. Ya bugo wa Zlata waya ya ce ta rubuta cewa mura ce, ba gazawa ba.

Na yi murna, in faɗi gaskiya. Na ce yau zan yi tafiya irin ta mutane.

Na ƙarshe a sahu yau wasu mata biyu ne masu aiki a asibiti, suna tafe suna hira ba su ko haki. A hawan farko na bi su lafiya. A hawa na biyu, inda hanya take miƙewa tsakanin duwatsu, na ga jakunkunansu suna ƙanƙancewa. Na ƙara sauri. Ƙirjina ya ɗaure, ba ciwo ba, kamar dai an ja madauri an ƙara huji ɗaya. Na tsaya na dafa itace. Na dubi alamar hanya, ja da fari, da ke jikinsa na daɗe, kamar ban taɓa ganin irinta ba.

Ba tsuntsu, ba tafarnuwa, ba wanda zan jira. Ni ne kawai na tsaya.

Kuma babu kowa a bayana. Ban taɓa tunanin wannan ba duk shekarun da nake naɗa wasu tsintsiya: idan shi ya faɗi, sai an isa masauki an ƙirga kai za a sani.

Na same su a ƙololuwa. Tihomir ya ce, "Baba Vjeko, ina ka maƙale?" Na ce igiyar takalmi. Ya yarda.

Ban gaya wa Ljerka ba.

Talata, 8 ga Afrilu

Na je wurin likita da sunan karɓar magani. Ta saurari ƙirjin, ta ce aikin yana nan lafiya. Ta ce zuciyar ba za ta koma ta dā ba, kuma ta gaya mini haka tun a asibiti. Na ce ban tuna ba. Ta ce ta lura.

Tafiya e, hawa mai tsauri a hankali, da hutawa.

Makonni uku ina hutawa a duk inda ya kamata, ina ɗauka wani nake jira.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Taron kwamiti, a ɗakinmu na bayan laburare. Mu bakwai. Wani ya kawo giyar rakija, ba wanda ya taɓa ta sai da aka gama.

An fara da zancen fentin alamomin hanya, aka ja shi fiye da kima, don kowa ya san abin da ke tafe. Daga ƙarshe Zlata ta ajiye biro.

"To, tsintsiya. Me ka gani?"

Na faɗa. Na ce Dragutin ba zai iya hawan ƙololuwa da saurin ƙungiya ba, kuma ba na jin zai sake iyawa. Na ce ƙafarsa ta hagu tana ja a gangara. Na ce duk Lahadin da ya zo bas ta jira mu. Ban ƙara ba, ban rage ba. Na ji muryata kamar ta mai karanta labarai.

Ma'aji ya ce to shi ke nan, a rubuta masa takardar godiya, a ba shi lambar girmamawa a taron ƙarshen shekara. Wata ta ce Dragutin ne ya koya mata jita, ba za ta iya sa hannu ba. Ma'aji ya ce ita ce ta fi kowa ƙorafin bas.

Tihomir ne ya kawo zancen gajeriyar hanya. Daga mararrabar da ke bayan rafi akwai tsohuwar hanyar masu yankan katako, tana zagaye dutsen ta ƙasa har masauki, ba hawa sosai. Tsohon ya bi ta can, a haɗu a masauki.

Zlata ta girgiza kai. "Ba mai rabuwa da sahu shi kaɗai. Sai da abokin tafiya, kuma ba na Lahadi ɗaya ba. Wanda ya ɗauka ya ɗauka, ya manta da ƙololuwa. Wa zai yi?"

Kowa ya sami abin kallo a kan tebur. Ba na zarginsu. Mutum yana aiki kwana biyar, ya yi cefane ranar Asabar, ba zai tashi da asuba ranar Lahadi don ya bi hanyar tarakta ba.

Na ga hannuna a sama.

"Kai?" in ji Zlata. "Kai da ka taɓa barin limamin coci a baya don ya tsaya ɗaukar hoto?"

Aka yi dariya. Ma'aji ya zo ya dafa kafaɗata ya ce bai san ina da zuciya haka ba. Na bar shi ya faɗa. Zancen itacen da na dafa ranar Lahadi yana bakina, ban fitar da shi ba.

An amince. Ɗaya daga cikin matan asibitin za ta zama tsintsiya.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Rahoton da na bayar jiya gaskiya ne, amma da na gan shi a teburina a dā, da na mayar wa mai shi na ce akwai sakin layi ɗaya da ya ɓace.

Ljerka ta ji labari a kasuwa kafin in gaya mata. Ta ce, "An ce ka zama waliyyi." Sai ta ci gaba da yanka albasa. Can ta ce, ba ta ko juyo ba, "Madalla. Na gaji da sauraren numfashinka idan ka dawo."

Lahadi, 13 ga Afrilu

A mararraba muka tsaya, sahu ya wuce mu ya yi sama. Na bi su da ido har jakar ƙarshe ta shige cikin itatuwa. Dragutin bai kalle su ba, yana fama da madaurin jakarsa.

Zlata ta gaya masa yadda taron ya kasance, har da abin da na ce a kan ƙafarsa. Na yi zaton zai yi fushi.

"Ka ce tana ja?"

Na ce tana ja.

"Ta hagu kawai, ai. Da ka faɗi wannan."

Na ce na faɗa.

Hanyar tana da faɗi, sai muka jera. Na rasa yadda ake tafiya kusa da mutum, na yi ta komawa bayansa, yana jawo ni da sandarsa. Mun tsaya sau da yawa. Wasu nasa ne. A wata tsayawa da ba tasa ba ce na tsuguna ina taɓa igiyar takalmi, sai ya ce:

"Bar takalmin nan ya huta, Edita. Shekara arba'in ina gane yaron da numfashinsa zai ƙare kafin ya kai ƙarshen waƙa. Tun Lahadin farko nake jin ka a bayana."

Na ce likita ta ce aikin yana nan lafiya.

"Ai ban ce ba ya nan ba. Zauna."

Na zauna. Ya tambaye ni ko kwamiti ya sani, na ce a'a. Ya ce shi ba ɗan jarida ba ne, ba ruwansa.

Mun riga kowa isa masauki. Ban taɓa ganin wurin babu hayaniya ba. Mai dafa abinci ta ba mu teburin da ke kusa da murhu, muka sa ta ɗora wa mutane miyar wake. Dragutin ya bugo wa Vlatka waya daga baranda, na ji yana cewa, "Ina Jankovac, ina jiran matasa su iso." Ban ji amsarta ba. Ya dawo ya ci kwano biyu.

Da suka sauko suna ta zancen yadda sama ta washe, wai har ana hango Bosniya. Na saurara. Sai a bas na lura ban tambayi kowa komai ba.

Na gaya wa Zlata ina da ƙarin bayani ga kwamiti, ba na gaggawa ba. Ta dube ni ta ce ta ji.

Lahadi mai zuwa Ista ce, ba fita. Ta bayanta kuwa ta wajen dutsen Lapjak za a bi. Na shimfiɗa taswira bayan cin abinci, akwai wata hanya da ke bin rafi ta ƙasa, da wurin zama a tsakiya. Dubawa kawai na yi.