Sakan Arba'in Aka Ba Mu

Istanbul, Turkiyya

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Inna da su Hafsat. A gaishe min da 'yan majalisarku ta Gyadi-Gyadi.

Ni ma lafiya lau nake. An rufe masana'antar ɗinkin da nake aiki, amma ina neman wata, kada a faɗa wa Inna.

Ka tambaye ni me ake cewa a nan kan zaɓenmu. Baba, sakan arba'in aka ba mu a talabijin, tsakanin labarin ƙwallo da na yanayi. Sun nuna layin masu zaɓe a Tarauni, na hango ka da shuɗiyar hularka, kana kare rana da katinka. Mai karanta labarin ya ce komai ya tafi daidai, ya wuce.

Sakamako kam na gani a waya tun kafin rediyonka ya faɗa. Abin da babu tashar da za ta gaya min shi ne: an yashe kwatar layinmu kamar yadda suka yi alkawari, ko bana ma ruwa ya shiga ɗakin Inna?

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Ɗanka,
Abdulmalik