Kwalbar da Na Musanya

Assalamu alaikum mai wannan shafi da masu karatu. Ku sakaya sunana, kuma don girman Allah ku ji ni har ƙarshe kafin ku tsine mini, ni ma ban yafe wa kaina ba.

Daga Dogon Dutsi nake rubutu. Bayan girbin hatsi na fara ganin jini a makewayi duk lokacin da maigidana ya kama ruwa. Da na yi magana sai ya yi dariya, yana zolayar karatun bokona: "Ke da lakwal ɗinki! Wane namiji ne a Arewa bai yi tsargiya ba? Kowa ya yi wanka a tabki ya san ta." Amma ciwon yara ne zai dawo wa mai furfura, har da gudajin jini? Na matsa har ya je gidan likita. Anfirmiye, wato malamin asibiti, ya ba shi kwalba, ya ce a kawo fitsarin safe, likita Annasara da ke zuwa rangadi zai duba da madubin ganin ƙwayoyin cuta, babu wuƙa. In ƙwan tsutsa ne, allura ce. In an ga wani abu daban, yana iya zama ciwon daji a mafitsara, sai Yamai.

Yamai! Can aka kai babana aka tsaga cikinsa, ko kabarinsa ban sani ba. Malam, maigidan nawa, ya ce shi ba ya ratsa kasuwa da fitsarinsa a hannu, ni zan kai cikin lulluɓi. Na ɗaga kwalbar, ja wur kamar zoɓo. Jama'a, na zubar, na ɗauraye, na zuba nawa. Ni da na yi karatu, ni da salla ba ta wuce ni!

Aka ce lafiyarsa lau. Ya shigo yana tsokana: "To malamar lakwal, kin ji? Annasara ma ya ce garau nike."

Yau wata biyar ke nan. Ya rame, alwala ba ta zama masa, ya daina zuwa Juma'a don kunyar fita daga sahu. Ranar Talata likitan zai dawo. Na ce, "Malam, mu koma." Ya ce, "An duba an gama. Ko kin fi madubi gani?"

Babu abin da zai tashe shi sai gaskiya. In na faɗa, ƙila ya sake ni, kuma bakina ne zai kai shi Yamai. In na yi shiru, ina kallo zai ƙare a hannuna. Kafin Talata, me zan yi?